Kwamfuta mai harshe biyu: tambayoyi da amsoshi kan madannai da harshen allo

Kwamfutocin da ke hannun mutane a Maradi ba uwarsu ɗaya ba. Wasu daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, da madannai irin na Turanci. Wasu na hannu ne daga Faransa ko Beljiyam, wasu kuma daga Dubai, kowane maɓalli da harafin Larabci a gefensa. Shi kuwa mai injin, da safe takardar biro yake bugawa da Faransanci, da rana ya aika wa abokin cinikinsa na Kano saƙo da Hausa. Ina riƙe da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a unguwar Zariya, tambayoyin da ke ƙasa kuwa su ne suke dawowa teburina kusan kullum. Kan Windows 10 da 11 nake magana. Sunayen da za ku gani a allo na kawo su da Faransanci, don shi ya fi yawa a injinanmu. Madannai su ne abin da muke ce wa kilabiye, ƴan uwanmu na Najeriya su ce kibod.

Na danna A sai Q ta fito, na danna M sai wata alama. Madannan sun lalace ne?

Lafiyarsu lau. Maɓalli bai san abin da aka rubuta a kansa ba, wannan fenti ne kawai don idonka. In ka danna shi, lambar gurbinsa yake aikawa, kamar ya ce “ni ne na farko a layin haruffa na sama”. Windows ce take duba tsarin da aka zaɓa mata, ta fitar da harafi. In tsarin Faransa ne, gurbin nan A ne. In na Amurka ko Ingila ne, Q ne. Sunayen ma daga haruffa shida na farkon layin aka ciro su: AZERTY na Faransa da Beljiyam, QWERTY na masu Turanci, QWERTZ na Jamus, inda Y da Z suka yi musayar gida.

Tsakanin AZERTY da QWERTY, A da Q sun canza wuri, Z da W ma haka. M da ke gefen L a na Faransa ta sauko kusa da N a na Turanci. Lambobin layin sama kuma a AZERTY ba sa fitowa sai an riƙe Maj, maɓallin nan mai kibiya tana kallon sama, wanda a wasu injina aka rubuta masa Shift.

Duba ƙasan allo ta dama, kusa da agogo. Za ka ga FRA ko ENG. Riƙe maɓallin Windows, mai hoton taga, ka danna dogon maɓallin tazara har ka faɗa kan wanda ya yi daidai da fentin madannanka. Shi ke nan.

To ni ban taɓa komai ba. Me ya sauya shi?

Ka taɓa, ba ka dai sani ba. Alt na hagu tare da Maj suna sauya harshe, ga su kuma maƙwabta a kusurwa ɗaya, inda hannun hagu yake hutawa. Ctrl da Maj su ma suna sauya tsari in an saka tsari biyu ƙarƙashin harshe ɗaya. Yaro ya wuce ya dafa, ko kai kanka kana sauri, an gama.

Ba ƙaramin abu ba ne wani lokaci. Wata ɗaliba ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta zauna a shagona tana cika takardar rajista a intanet, ta kusa kai ƙarshe. Ta yi kuskure a layi ɗaya, ta danna Ctrl da Z don ta koma baya, sai shafin ya rufe ɗungurum. Injin AZERTY ne, tsarin ya koma na Turanci ba ta lura ba, saboda haka maɓallin da aka rubuta wa Z, W yake aikawa, Ctrl da W kuwa rufe shafi ne. Ta dafe kai ta ce, “Baba, duk sai na sake?” Na ce, “Ɗiyata, tsaya mu gani.” Ctrl da Maj da T sun dawo da shafin, amma rabin abin da ta cika ya tafi.

Tun daga ranar nake kashe wannan gajeriyar hanya a kowace kwamfutar da na shirya. A Windows 11 ka shiga Paramètres, Heure et langue, Saisie. A Windows 10 kuma Paramètres, Périphériques, Saisie. Can ƙasa akwai saitin madannai mai zurfi, cikinsa akwai wurin maɓallan sauya harshe. Buɗe shi, a jeri biyun duka ka zaɓi na farko, wanda ke nufin ba a ɗora wa kowane maɓalli wannan aikin ba. Windows da tazara za su ci gaba da aiki, su kuwa ba a cika danna su bisa kuskure ba.

Kalmar sirrina ta ƙi buɗe kwamfuta, alhali na tabbata ita ce.

Kada ka bari kowa ya yi mata formataj kafin ka gwada abin da zan faɗa. Wani Alhaji mai shagon yadi a babbar kasuwa ya zo mini rai a ɓace. Ɗansa ya saka masa kalmar sirri mai sunan garinsu da shekarar haihuwarsa, washegari ta ƙi buɗewa. Ya kai ta wani wuri, aka ce Windows ta mutu, aka karɓi jikka biyar aka goge komai, har hotunan aikin hajjinsa da lissafin bashin shekara biyu. Bayan kwana uku abin ya sake faruwa, sannan ya zo wurina. Na ce, “Alhaji, rubuta a hankali, sannan ka danne ɗan idon nan da ke gefen akwatin.” Inda ya nufi 1968, abin da ya fito shi ne &ç-_ , inda ya nufi a kuma q ce. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce, “Malam, kenan hotunana a banza suka tahi?” Ban sami abin ce masa ba.

Allon shiga yana da nasa tsarin madannai, yana iya bambanta da na cikin injin. A ƙasansa ta dama akwai FRA ko ENG, ka danna ka sauya kafin ka rubuta. Duba kuma ko fitilar Verr Maj, wato Caps Lock, tana kunne, domin a AZERTY ba manyan baƙaƙe kaɗai take kawowa ba, har layin sama take juyawa zuwa lambobi. Shawarata ga mai injin harshe biyu: kalmar sirri kada ta ƙunshi é ko ç ko ƙ, in da hali ma a guji a, q, z, w da m. Ko kuma a saka lambar PIN.

Allon shiga kullum da tsarin da ba na so yake tashi. Ana iya daidaita shi?

Ana iyawa. Fara gyara harshe da madannai a cikin injin yadda kake so. Sannan ka danna Windows da R, ka rubuta intl.cpl, ka shiga Administration, ka danna Copier les paramètres, ka sa alama a akwatuna biyun da ke ƙasa, na allon shiga da na sababbin masu amfani. Kashe ka kunna.

Na saka madannan Faransanci amma har yanzu komai da Turanci yake fitowa.

Abubuwa biyu ne daban, mutane suna haɗa su. Harshen madannai shi ne abin da kai kake faɗa wa kwamfuta. Harshen allo shi ne wanda ita take yi maka magana da shi. Kana iya buga Hausa a injin da ke magana da Larabci.

Don sauya harshen allo, danna Windows da R, ka rubuta ms-settings:regionlanguage. Na fi son wannan hanya saboda tana aiki ko da injin da Jamusanci ko Sinanci ya zo, ba ka iya karanta ko kalma ɗaya. Danna wurin ƙara harshe, ka nemi Français, ka tabbatar an sa alama a kunshin harshen da kuma maganar mayar da shi harshen allo. Wannan sai da intanet, kuma yana da ɗan nauyi, don haka a yi shi inda layi yake da ƙarfi, batir a cike ko da kuran zai ɗauke. In ya gama sai ka fita daga asusunka ka sake shiga.

Akwai inda abin yake cijewa. Injina da yawa masu araha suna zuwa da bugun Windows mai harshe ɗaya tak. Danna Windows da R, rubuta winver; in ka ga Single Language, ko Langue unique, ko Unilingue, lasisin bai yarda a sauya harshen allo ba. Madannai dai kana iya ƙara ko nawa kake so, wannan bai hana ba. Amma allon, sai dai a ɗaga lasisin zuwa Pro, ko a kwashe takardu a sake saka Windows da harshen da ake so. A duk shafin nan, nan kaɗai ne zan yarda a ce sake sakawa ya zama dole.

Word da Excel kuma nasu daban ne: Fichier, Options, Langue. Haka ma Chrome.

Akwai Windows da Hausa?

A Windows 10 akwai kunshin Hausa, amma a kan Turanci yake zama, kuma ba ko'ina aka fassara ba: manyan wurare da Hausa, in ka nutsa ciki ka tarar da Turanci. Ga wanda ya yi lakkwal da Faransanci wannan yana iya zama ƙarin wahala, tunda abin da ya rage ba da harshen da ya sani zai fito ba. A tuna kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ni abin da na fi ba muhimmanci shi ne injin ya iya rubuta Hausa daidai, ko da wane harshe yake magana.

Yaya zan buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ?

Wannan ce tambayar da nake so a riƙa yi mini, ita ce kuma aka fi ƙarancin yi. Yawancinmu mun saba mu rubuta kasa mu bar mai karatu ya yi ta laluben ko ƙasa muke nufi. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka fada da faɗa, kare da ƙare, kafa da ƙafa. Na taɓa buga katin ɗaurin aure inda mai shi ya kawo rubutu yana cewa za a “karbi baki” da ƙarfe huɗu, aka bar ƙugiya har sau biyu a kalma biyu. Wanda ba zai yarda a cire wa é wutsiyarta a takardar Faransanci ba, bai kamata ya yarda a yanke wa ƙ ƙugiyarta ba. Balle yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki.

Windows tana da tsarin madannan Hausa a cikinta. Koma inda ake ƙara harshe, ka nemi Hausa, ko Haoussa in injin na Faransanci ne. In ka saka, HAU zai bayyana kusa da agogo. Daga nan ka riƙe Alt na dama, wanda aka rubuta wa AltGr a wasu injina, ka danna b, d, k ko y, sai mai ƙugiyar ta fito. In ka haɗa da Maj ka sami Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. Kwana biyu hannu ya saba.

Sai dai ga inda ƴan Maradi suke tuntuɓe. Tsarin Hausan nan a kan QWERTY aka gina shi. Mai injin Kano ba shi da matsala ko kaɗan. Mai AZERTY kuwa, da zarar ya koma HAU, a da q sun juye masa, w da z ma haka, m ta gudu. Ga Hausa ba ta jimla ba tare da a ba. Su b, d, k, y dai suna nan inda suke a tsarin biyu.

Hannuna AZERTY ya saba, ba na son in koyi wani. Ba wata dabara?

Akwai uku, kowace da inda ta fi dacewa.

In a Word kaɗai kake aiki, shiga Insertion, Symbole, Autres symboles. Nemo harafin, ka danna Touche de raccourci, ka ɗaura masa maɓallan da kake so. ƙ da ƴ da manyan baƙaƙen duka huɗu suna rukunin Latin étendu-B, amma ƙananan ɓ da ɗ suna can rukunin haruffan ilimin furuci, Extensions API, shi ya sa mutane suke nema su rasa. Sau ɗaya za ka yi, Word ya riƙe.

In kana kan injin wani, ka riƙe lambobin nan a ka: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4; manya kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. A Word ka rubuta lambar ka danna Alt da X, a wasu Word na Faransanci Alt da C. A kula da abu ɗaya: haruffa daga a zuwa f Word yana lissafa su cikin lambar. In kana buga baƙi, ka rubuta ba sannan 0199, zai haɗe su duka ya ƙi. Sa U+ a gaban lambar, wato baU+0199, sai ya gane inda ta fara.

Ta ukun ita nake amfani da ita a shago. Microsoft tana da wata ƴar manhaja ta kyauta, Keyboard Layout Creator, da ake ƙera tsarin madannai da ita. Na ɗauki AZERTY na Faransa yadda yake, na ɗora ƙugiyoyin a kan AltGr da b, d, k, y, tunda guraben nan a buɗe suke. Yanzu tsari ɗaya yana buga mini Faransanci da Hausa, a Word da Facebook da WhatsApp duka, ba sauye-sauye. Wanda ba ya son ƙerawa da kansa ya duba Keyman, ita ma kyauta ce, tana da tsare-tsaren harsunan Afirka masu yawa.

ƴ zan rubuta ko 'y?

Duka biyu daidai ne, iyaka ce ta raba su. Tsarin rubutun da hukumomin ilimi na Nijar suka tsayar a 1999 yana amfani da ƴ, Najeriya kuma an fi rubuta 'y. In takardar ta makaranta ce ko ta biro a nan, sa ƴ. In Kano ko Zariya ta Najeriya za ta, 'y ba laifi. Kada dai a gauraya su a takarda ɗaya, domin in ka nemi ƴan da Ctrl da F ba zai kawo maka 'yan ba.

Na buga ƙugiyoyin, amma a injin wani ƙananan akwatuna suke fitowa, ko harafin ya bambanta da ƴan uwansa.

Nau'in rubutun ne, abin da muke ce wa polis, ba shi da harafin. Irin masu ado da ake so a katin biki da allon talla galibi ba su da shi, sai Word ya aro daga wani nau'in, ka ga ƙ ta fi sauran tsawo ko kauri. Times New Roman da Arial da Segoe UI na Windows na yanzu suna da su. Haka Charis da Andika da Noto Sans, waɗanda ake saukewa kyauta. In maɗaba'a za ka kai aiki, mayar da shi PDF tun a injinka, ka buɗe ka duba da idonka kafin ka zuba a kile na USB.

Akwai kuma tsofaffin takardu da za ka buɗe ka ga }asa da ]aya da ~ata. Ba cuta ba ce ta shiga injin. Kafin haruffanmu su samu a kowace kwamfuta, an yi nau'o'in rubutu na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, da suka zana ƙugiyoyin a gurbin waɗannan alamomi. Sun yi wa Hausa aiki sosai a zamaninsu. Amma in babu nau'in a injinka, alamar asali ce take bayyana. Gyaran dindindin shi ne Ctrl da H: musanya } da ƙ, ] da ɗ, ~ da ɓ, sannan ka bi manyan baƙaƙen. Ajiye kwafin asali tukuna.

In na rubuta sana'a sai ta koma sanaá, 'ya kuma ta koma ýa.

An saka maka tsarin Amurka na ƙasa da ƙasa, États-Unis International. A cikinsa alamar ' ba ta fitowa nan take, jira take ta hau kan wasalin da ya biyo baya. Masu gyara suna saka shi don mai QWERTY ya sami é da è, niyya mai kyau, amma ga Hausa mai jama'a da ma'ana da sa'a a kowane layi, azaba ce. Ko ka danna tazara bayan alamar, ko ka cire tsarin ka bar na Amurka zalla.

To ta yaya mai QWERTY zai buga é, è, ç?

A Word: Ctrl da ' sannan e ya ba da é, Ctrl da ` sannan e ko a ya ba da è ko à, Ctrl da waƙafi sannan c ya ba da ç. In madannanka suna da rukunin lambobi a dama, riƙe Alt ka buga 130 don é, 138 don è, 133 don à, 135 don ç, 144 don É. Wanda Faransanci ne aikinsa na yini, gara ya saka tsarin Faransa ya sayi ƴan takardun liƙawa ya manna a kan maɓallan. Abu ɗaya zai rasa: madannan Amurka ba su da ƙaramin maɓallin < da > da ke gefen Maj na hagu.

Ina @ take?

AZERTY na Faransa: AltGr da 0. Na Beljiyam: AltGr da 2. QWERTY na Amurka, da tsarin Hausa: Maj da 2. Na Ingila: Maj da maɓallin '. In ka danna Maj da 2 ka ga " ta fito, injinka na Amurka ne aka ɗora masa tsarin Ingila.

Word ya ja wa duk Hausata jan layi, yana kuma canza mini kalmomi.

Yana auna ta da ƙamus ɗin Faransanci ne. Zaɓi rubutun duka da Ctrl da A, shiga Révision, Langue, Définir la langue de vérification. Cire alamar gane harshe da kansa, ka sa alama a wurin da ya ce kada a duba rubutu da nahawu. Muddin Word yana ɗaukar rubutun a matsayin Faransanci, zai riƙa sa tazara kafin alamar tambaya da ɗigo biyu, yana mayar da alamar zance « ». A Faransanci haka ƙa'ida take, a Hausa ba haka ba. In takarda ta haɗa harsuna biyu, kamar memwar mai misalai da Hausa, zaɓi sassan Hausan kaɗai ka yi musu haka, ka bar shi ya ci gaba da duba Faransancin.

Gajerun hanyoyi ma suna bin harshen Word. Kaurara rubutu Ctrl da G ne a na Faransanci, Ctrl da B a na Turanci.

Abokin cinikina na Kano ya turo lissafi a Excel, in na ƙara nawa sai ya ƙi.

Sunan aikin yana bin harshen Excel ɗinka: inda shi ya rubuta SUM, kai SOMME za ka rubuta, IF kuma SI. Abin da ya riga ya rubuta Excel yana juya shi da kansa in ka buɗe, sabon da za ka ƙara ne sai da harshenka. Alamar rabewa kuwa daga saitin yanki take zuwa: a na Faransanci alamar ; ce, goma da rabi kuma 10,5, a na Turanci waƙafi ne, da 10.5. In ka buga 10.5 a injin Faransanci, Excel ba ya ɗaukarsa lamba, jimlarka ta fito a gurgunce ba tare da ya yi maka gargaɗi ba.

Kwanan wata ya fi haɗari. A tsarin Amurka 03/04 na nufin 4 ga Maris, a wurinmu 3 ga Afrilu. Injina da yawa daga Najeriya da yankin Amurka suke zuwa, don wanda ya saka Windows bai tsaya ya canza ba. Gyara shi a intl.cpl. Tunda kana nan, leƙa agogo: in an bar shi a lokacin Paris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba zai riƙa gaba da awa ɗaya. Zaɓi na Afirka ta tsakiya da yamma, UTC+1, wanda ba ya motsi.

Ni malamin Islamiyya ne, ina son Larabci da ajami.

Allah ya gafarta Malam, Larabci ana ƙara shi kamar yadda aka ƙara Hausa, sai ع ta bayyana kusa da agogo. A Word, Ctrl da Maj na dama suna mayar da layi ya faro daga dama, na hagu su dawo da shi. In babu haruffan Larabci a kan maɓallan, danna Windows da Ctrl da O, madannai za su fito a allo suna nuna inda kowane harafi yake. Ajami yana da haruffa da wasulan da madannan Larabci ba su da su, don haka sai an haɗa da Keyman. Nau'in rubutu kuma a nemi Alkalami, wanda aka zana bisa hannun Kano da Nijar, ko Harmattan mai bin salon Warshu. Idon da ya tashi da allo da tawada zai fi sakewa da su.

Na cire ENG amma yana dawowa, ko kuma kowace taga da nata harshen.

In yana nan kusa da agogo amma ba ya cikin jerin harsuna, ƙara shi da hannunka, ainihin irin wanda ke fitowa, sannan ka cire shi. Galibi yana tafiya. In ya dawo bayan an kunna, allon shiga ne yake jawo shi, sai a yi Copier les paramètres da na ambata. Maganar kowace taga da harshenta kuwa, akwati ne a saitin madannai mai zurfi, cire masa alama. Kada a tara harsuna biyar a injin da biyu ake amfani da su.

Ina danna U, I, O sai 4, 5, 6 suke fitowa. Wani lokaci kuma sabon rubutu yana cinye na gabansa.

Na farko Verr Num, wato Num Lock, ne ya kunnu a ƙaramar kwamfutar da ba ta da rukunin lambobi. Danna shi, ko tare da Fn. Na biyu maɓallin Inser ne, danna shi sau ɗaya. In kuma injin ya yi ƙara, maɓallai suka koma kamar an riƙe su, an danna Maj sau biyar a jere ne, ko an danne Maj na dama daƙiƙa takwas, aka kunna taimakon da aka tanada don masu lalurar hannu. Ana kashe shi a sashen madannai na Accessibilité, wanda a Windows 10 ake kira Options d'ergonomie.

Yaushe ne za a ce madannan da gaske sun lalace?

In harafi yana fitowa amma ba wanda ka nufa ba, saiti ne. In maɓalli ba ya fitar da komai, ko yana ta maimaita kansa, ko layi guda ya mutu tare, to jikin ne. Gwaji mai sauƙi: jona wasu madannai na USB. In sun yi aiki daidai, na jikin injin ne suka gaza, kuma a yawancin kwamfutocin hannu ana canza su su kaɗai. In za a sayo sabo, a dubi lambar injin, a kuma faɗa wa mai kawowa AZERTY ko QWERTY ake so, kada a ɗauka ya sani.

Ƙurar hunturu ita ce ta fi kashe su a garin nan. Kashe injin, kifa shi, ka bubbuga bayansa a hankali, ka bi tsakanin maɓallan da busasshen burushi mai laushi. In ba a aiki a rufe shi da kyalle. In shayi ne ya zube, kashe shi nan take ta hanyar danne maɓallin kunnawa, zare caja, cire batir in mai fita ne, ka kifa shi a buɗe a kan tawul. Kada a kunna don a ga ko yana yi. Ruwan zai bushe cikin kwana biyu, amma sukarin yana nan manne a ƙarƙashin maɓallan, sai an buɗe an wanke.